Na Kunne, Na Ido, Na Ƙungiya: Yadda Na Kasa Darasina Kashi Uku



Duk macen da ta taɓa zama bakin kasuwa ta san ba a sai da kaya da ma'auni ɗaya. Mai gero tana da buhu, tana da tiya, tana da rabin tiya. Mai tumatir takan kasa na dala 10, ta kasa na dala 20, ta ajiye kwando gefe don mai biki. Ba a lakkwal muka koyi wannan ba. Mun tashi mun iske iyayenmu suna yi, don sun san aljihun mutane ba ɗaya ba ne, bukatarsu ma haka. Abin da nake so mu duba a wannan fitowa shi ne yadda tsohuwar dabarar nan take aiki idan hajar ba ta shiga buhu, ba ta hawa amalanke, tana cikin waya kawai. Rani biyu ke nan ina sai da darasin murya da na bidiyo daga nan Bonkuku, kuma duk taron da na je sai an tambaye ni: me ya sa abu guda kika yi masa kuɗi uku? To ga amsar, a tsanake.

Bari in fara da hajar kanta. Kowa ya san Imanan da dankalin turawa. Nan cikin Dallol Boso ruwa yana kusa, da sanyi ya shigo sai garake su cika, motoci kuma su riƙa lodi zuwa Yamai. Ciwon da muke fama da shi kowace shekara ɗaya ne: kowa yana tono lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga zafi na tahowa. Wadda ta iya riƙe nata na ƴan makonni ba tare da ya ruɓe ba, ita ke ganin riba. Ni a hannun mahaifiyata na koyi ajiya, na ƙara da abin da na ji wurin malaman gona, na gwada shekara da shekaru. A da ƙungiyoyi kan kira ni in je in nuna musu, wani lokaci har wajen Damana ko Filinge. Yanzu kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Mai gida ba ya sakin jiki idan na ce zan kwana wani ƙauye, ni ma hankalina ba ya kwanciya. Shi ya sa na ce tunda ƙafa ba ta zuwa, bari murya ta tafi.

Na kai maganar gaban ƙungiyarmu ta asusu, mu 25. Suka ba ni bashi na sayi waya mai kyamara mai kyau da ɗan faifan sola na caji, bisa ƙa'idarmu ta biya cikin watanni. Kun ga ke nan kuɗin da na sa a harkar guminmu ne gaba ɗaya, zubin mako-mako na matan da wasunsu kuɗin ƙuli-ƙuli suke kawowa. Wannan tsari na Mata Masu Dubara, da ya faro a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, bai tsaya kan takardar banki ba, kan amana ya tsaya. Don haka tun ran da na karɓi kuɗin nan na san abu biyu ke wuyana: in biya a kan lokaci, kuma kada wata mace ta ce na ci nata ban ba ta abin kirki ba.

Darasin guda bakwai ne. Na farko yaushe ake tsai da ban ruwa kafin tono, don fatar dankalin ta yi ƙwari. Na biyu yadda ake tono da sanyin safiya ba tare da fartanya ta sare shi ba, kuma kada a bar shi cikin rana. Sai tsincewa: mai rauni a ware shi a ci ko a sayar da wuri, lafiyayye shi ke shiga ajiya, kuma ba a wanke shi. Sai irin wurin da ake ajiyewa, mai duhu, mai shan iska. Sai dubawa a kai a kai a fidda wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi ƴan uwansa. Sai gargaɗi kan dankalin da haske ya taɓa ya yi kore, wanda yake da ɗaci da guba, ba a ba yara. Na bakwai lissafi: kuɗin iri, taki, mai na injin ban ruwa, lada, da yadda za ki gane ko jira zai biya ki ko ki sayar yanzu.

Shagona kuwa yana cikin WhatsApp Business. Manhajar ta fito a 2018, a 2019 kuma aka ƙara mata wurin jera kaya da ake kira katalog, inda za ki sa hoto, suna da farashi, kamar yadda kike jera kaya bisa tebur. Ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ta buɗe mini. Katalog ɗin nuni kawai yake yi. Kuɗi mai saye takan turo ta Airtel Money ko Nita, ko ta ba direban da na sani, ni kuma in tura mata darasin.

To a nan ne maganar kashi ta taso. Dankali idan kin sayar da tiya, tiya ta fita daga buhunki. Darasi ko mata ɗari suka saya, yana nan yadda yake, bai ragu da komai ba. Wahalarsa duk a farko take: ɗauka, maimaitawa, yankewa, gyarawa. Bayan nan kowane kwafi kusan kyauta yake fita. Tunda haka ne, da me za a auna shi? Ba nauyi, ba yawa. Na zauna na yi ta tunanin matan da na sani ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ya bambanta su abu huɗu ne: irin wayar da ke hannunsu, ƙarfin rezo da kuɗin forfe, yaren da suke ji, da ko su kaɗai za su saurara ko cikin taro. Waɗannan su suka zama tiyata da rabin tiyata.

Kashi na farko na sa masa suna Na Kunne. Murya ce zalla, darasi bakwai, dala 100. Murya ba ta da nauyi. Ta minti goma ba ta cin ko kusa da abin da bidiyon minti ɗaya ke ci, don haka ko rezo na rawa tana sauka. Akwai kuma wani abu da ya kamata duk mai son wannan sana'a ta sani. Muryar da kika ɗauka cikin WhatsApp, yawancin ƙananan wayoyi masu maɓalli ba sa iya buɗe ta. Sai an mai da ita MP3 tukuna. Ɗiyata ta nuna mini yadda ake yi, yanzu wadda ba ta da babbar waya takan aiko da katin memori, yaron da ke cajin waya a bakin tasha ya zuba mata, ta sa a wayarta ko a ƴar rediyon nan mai cin kati, tana surfe tana ji.

Na biyu shi ne Na Ido, jika guda. Darasin nan bakwai dai, amma a bidiyo, don gani ya kori ji. Akwai abin da baki ba ya iya kwatantawa sosai, kamar launin dankalin da ya fara ruɓa daga ciki, ko kaurin shimfiɗar da ake yi masa. Wannan na masu babbar waya ne, ko waɗanda ke da ɗa ko miji mai ita. Na yanka bidiyon gajere-gajere, don idan rezo ya yanke a tsakiya kada forfe ya tafi a banza.

Na uku shi ne Na Ƙungiya, jika 5. A ciki akwai murya, akwai bidiyo, akwai takardar lissafi mai hotuna da sakatariya za ta iya bugawa ta riƙa cikewa. Sannan akwai izinin kowace mace a ƙungiyar ta kwafa, da kuma ni kaina: har ƙarshen lokacin ajiya, duk tambayar da suka tara ranar zubi, su turo da murya in amsa. Ku yi lissafi da ni. Jika 5 a raba wa mata 25, kowace dala 40 ta biya. Wato wanda ya fi tsada a katalog shi ya fi araha a kan kowace mace.

Sunayen nan da gangan na zaɓe su. Da yawa daga cikinmu ba mu yi boko ba, rubutun farashi ba ya gaya mana komai. Sai na sa hoton kunne a na farko, hoton ido a na biyu, hoton mata zaune bisa tabarma a na uku. Mace ko ba ta san baƙi ko ɗaya ba, tana buɗewa ta gane. Na kuma guji sunaye irin su ƙarami da babba, ko na talaka da na masu hali. Ba wadda ke son ta ji ta sayi na ƙasa. Wadda ta ɗauki Na Kunne ta ɗauki abin da ya dace da wayarta, shi ke nan.

Sai batun yare, wanda a Imanan ba a tsallake shi. Cikin kasuwa guda za ki ji Hausa, ki ji Zabarmanci, ki ji Tamajak. Hausa da Zabarmanci ni na ɗauka da bakina. Na Tamajak wata maƙwabciyata ce ta karanta, muka yi yarjejeniya tana da kasonta cikin duk wanda aka saya da muryarta. Kashi uku sau yare uku, tara ke nan. Da na jera tara a katalog, da mai saye ta ruɗe ta fita ba ta ɗauki ko ɗaya ba, kamar yadda mutum kan tsaya gaban mai atamfa mai zane ɗari ya kasa zaɓe. Uku kawai na jera. Idan ta zaɓa sai in tambaye ta da wane yare take so. Kuma kuɗin bai canzawa. Ba zan sa mace ta biya ƙari don harshen da ta sha a nono ba.

Yanzu ga inda muka yi gardama, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da na nuna wa ƙungiya tsarin, wata yayarmu, ƴar kasuwa ce ta gaske kuma mai son in biya bashina da wuri, ta ce: "Ke ƙanwata, wannan ai ba ciniki ba ne. In kin ba mai dala ɗari komai da komai, wa zai ba ki jika? Cire darasin dubawa da na lissafi daga na arahar. In sun ji daɗin biyar, dole su dawo su sayi sauran." Wasu suka ce gaskiyarta. Kuma ba shirme ta faɗa ba, haka manyan kamfanoni da yawa suke yi. Ɗiyata ma ta ba ni labarin wani injiniya Bafaranshe, Jules Dupuit, da ya lura tun 1849 cewa kamfanonin jirgin ƙasa na zamaninsa sukan bar taragon masu ƙaramin tikiti ba rufi, da bencin katako. Kuɗin rufin bai gagare su ba. So suke wanda ke da halin sayen tikiti na gaba ya ji tsoron rana da ruwa ya ƙara kuɗi. Wato a wahalar da talaka don a tsorata mai hali.

Na ce mata: "Yaya, na ji, kuma na gode. Amma ki duba wace ce ke sayen Na Kunne. Ita ce wadda ba ta da babbar waya, mai ƴar garka, wadda watakila bashin asusu ta ci ta sayi iri. Kin san tsadar irin nan da ake kawowa daga Turai. In na ɓoye mata darasin dubawa, ta zuba dankalinta a ɗaki ta rufe da murna, bayan mako uku ta buɗe ta iske wari. Wa ya cuce ta? Ni. Kuma ranar zubi a ƙauyensu sunana za a kira." Shugabarmu, wadda duk muke ce wa Inna, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce: "Rabin tiya ma gero ne, ba a cika shi da tsakuwa." Maganar ta mutu a nan.

Wannan ita ce ƙa'idar da na riƙe, kuma ita nake so ku ɗauka ko da kun manta sauran. Kowane kashi ya zama cikakke a kan kansa. Abin da mace ke bukata don kada ta yi asara, ya kasance cikin mafi araha. Bambancin ya zo daga sauƙi, daga gani da ido, daga lokacina da nake bayarwa. Wadda ta ƙara kuɗi ta ƙara ne don ta samu ƙari, wadda ba ta ƙara ba kuma ba a rage mata komai na dole ba. Mai jika bai ɓace ba kuwa. Mata da dama da suka fara da Na Kunne, da suka ga ya yi musu aiki, su suka je suka shawo kan ƙungiyoyinsu aka sayi na ukun.

Na san tambayar da ke bakinku: to ba a kwafa? Ana kwafa mana! Da Xender ko Bluetooth, kafin ki sha ruwa darasi ya tsallaka waya biyar. Na taɓa jin muryata tana tashi daga wayar wata mata a cikin motar Baleyara, matar da ban taɓa gani ba balle in karɓi dalarta. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Marubutan littattafan Hausa na Kano da Kaduna da ke sai da labaransu a WhatsApp su ma kukan da suke yi ke nan kullum. Sukan saki shafukan farko kyauta, sannan su buɗe zauren masu biya, da wani na musamman mai ƙarin kuɗi, amma duk da haka ana fitar musu da shi. Ba mai katangar da za ta hana. Abin da na gane shi ne mu mata ba ma cin abu mu kaɗai. Wadda ta ji abu mai amfani sai ta ba ƙawarta. Na Ƙungiya don haka na yi shi: tunda za a raba, a raba da izini, kowa ta sa dala 40 ta huta da nauyin haƙƙi. Kuma akwai abin da Xender ba ya ɗauka. Idan dankalinki ya fara tsiro ko kin ga tsutsa, kwafin sata ba zai amsa miki ba. Ni zan amsa. A farkon kowane darasi kuma nakan faɗi sunana da garinmu, don ko ya yi yawo ya san hanyar gida. Wasu masu sayen ta haka suka same ni.

Kada in sa ku ɗauka abin duk daɗi ne. Kowane kashi da kika ƙara, aiki kika ƙara wa kanki. Bara na samu ƙarin bayani kan tsutsar da ke huda dankali a ajiya, na ga dole ya shiga darasi na biyar. Gyara ɗaya, amma sai da na taɓa murya, na taɓa bidiyo, na taɓa takarda, cikin yare uku, na kuma nemi maƙwabciyata ta sake zama. Sannan na bi duk wadda ta saya a baya na tura mata sabon, kyauta, don wadda ta biya bai kamata ta zauna da tsohon zance ba. Wannan ya yiwu ne don ina da littafi: sunan mai saye, garinsu, kashin da ta ɗauka, yare, da ranar biya, daidai yadda muke rubuta zubi. An sha ce mini in ƙara na huɗu da na biyar, na albasa daban, na masu sarin kaya daban. Na ce a'a tukuna. Ba a tauna taura biyu a baki guda.

Bashin asusu na gama biyansa kafin ranar rabo, alhamdu lillahi, kuma mafi yawan kuɗin daga Na Ƙungiya suka fito, duk da Na Kunne ya fi yawan masu saye. Kowanne da aikinsa: mai araha shi ke buɗe ƙofa ya sa a san ki, na ƙungiya shi ke riƙe gida.

Ƴan uwa, na san a cikinku akwai mai iya sabulu, mai iya turaren wuta, mai iya yajin jego, mai iya kiwon tumakin layya, mai iya zanen lalle, mai riƙe littafin asusu ba kuskure. Duk wannan ilimi ne, kuma akwai mai bukatarsa a ƙauyen da ƙafarki ba za ta taka ba. Idan kin yi niyya, kafin ki sa farashi ki zauna ki kira sunayen mata goma da kike ganin za su saya. Wace waya ke hannun kowace? Wane yare take ji? Tana karatu? Ita kaɗai ce ko tana da ƙungiya? Amsoshin nan su za su gaya miki kashi nawa za ki yi. Ki fara da ɗaya, mai murya, ki gwada shi kan matan ƙungiyarku kyauta su faɗa miki inda ba su gane ba. In ya zauna, ki ƙara na biyu. Kada ki wuce uku sai kin ga kina iya bin su duka. Ki faɗi a fili abin da ke cikin kowanne da abin da babu, da bakinki, kafin a turo kuɗi. Kuma idan wata ta zo za ta sayi mai tsada alhali kin san wayarta ba za ta buɗe bidiyo ba, ki ce mata ta ɗauki mai araha. Jikar da kika bari yau, ita za ta kawo miki ƙungiyarsu gobe.

Sanyi ya kusa, an fara gyaran garake. Wadda ke son in nuna mata yadda ake buɗe katalog ko mai da murya MP3, ta gaya wa sakatariyar ƙungiyarsu, mu haɗu bayan zubi, ta zo da wayarta da caji. Wannan ba na kuɗi ba ne.

Allah ya sa albarka a asusunmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga amfanin guminmu. Amin.